Sun Dawo Gida, Firgici Bai Sake Su Ba

Ranar 2 ga Maris, 2021, aka shigo da 'yan matan makarantar sakandaren Jangebe gidan gwamnati a Gusau, su 279, kwana huɗu bayan 'yan bindiga sun kwashe su daga ɗakunan kwanansu da tsakar dare. Aka ɗauki hotuna, aka yi jawabai, aka yi hamdala. Haka aka yi wa ɗaliban Ƙanƙara a Disambar 2020, haka kuma aka yi wa yaran Kuriga a Maris na 2024. Likita zai duba ƙafafun da tafiyar daji ta kumbura, a ba da magani, a miƙa kowa hannun iyayensa. Daga nan 'yan jarida su naɗe kayansu, hankalin ƙasa ya koma wani wuri.

A wurin wanda aka sako kuwa, sau da yawa a nan wata wahalar take somawa. Babur ya yi ƙara a bakin layi, ya zabura yana neman maɓoya. Dare ya yi, ido ya ƙi rufuwa. In ya rufu, mafarki ya mayar da shi daji. Yaron da a da ba ya zama wuri ɗaya ya koma shiru, ko ya koma mai saurin fushi, abu kaɗan ya kai hannu. Iyaye su ce tun da ya dawo ba shi ba ne.

Lamarin ya fi ƙarfin 'yan makaranta. Tun daga 2009 rikicin Boko Haram ya raba mutum fiye da miliyan biyu da gidajensu a yankin Tafkin Chadi, daga Bama da Gwoza har Diffa a Nijar. A Zamfara, Katsina, Sakkwato da Birnin Gwari akwai ƙauyukan da kwana a daji ya zame musu jiki. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙiyasi a mujallar Lancet cewa a wuraren da aka yi yaƙi, kusan mutum ɗaya cikin biyar yana fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, kama daga matsananciyar damuwa zuwa ciwon firgici na bayan bala'i. Duk wanda ya ɗora wannan lissafi a kan Arewa ya san ana maganar jama'a mai yawan gaske.

Akasarinsu ba za su taɓa zuwa asibiti su ce ƙwaƙwalwa ke damunsu ba. Abin da ma'aikacin lafiya ke ji shi ne: "Gabana ke faɗuwa." "Kaina yana ɗaukar zafi." "Wani abu na yawo a jikina." "Ƙirjina ya yi nauyi." Sai a auna jini, a ce maleriya ce da taifod, a yi ƙarin ruwa, a sallame shi. Bayan sati biyu ya dawo da kuka iri ɗaya. Wani ya zarce kemis ya sayi ƙwayar barci irin su Valium, alhali tun 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ja kunne kada a riƙa ba wanda bala'i ya afka wa irin waɗannan ƙwayoyi don kwantar masa da firgici. Matashi kuma ya gano cewa tiramol na sa shi mantuwa na 'yan sa'o'i, ya kama hanyar da fita daga cikinta ke da wuya.

Mutanen nan ba ƙarya suke yi ba, ba kuma raki ba ne. A can cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe da aikinsa shi ne tsinkayar haɗari. Da ya hango barazana sai ya sa jiki ya zubo sinadaran shirin gudu ko faɗa: zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya gajarce, tsoka ta ɗaure, ciki ya dakatar da narka abinci. Wannan rahama ce, da ita mutum ke tsira ranar hari. Matsalar tana zuwa ne in hari ya wuce amma sashen ya ƙi yarda an tsira. Ya zama kamar maigadin da aka taɓa ɗaurewa aka yi fashi a gabansa: daga ranar, ko kaza ce ta motsa a duhu sai ya busa usur ya tashi gida. Jikin da ke kwana ya tashi cikin wannan shiri wata da watanni dole ya gaji, ciwon kai da ciwon ciki da rashin barci su biyo baya. Likitocin Amurka sun shigar da wannan ciwo cikin kundinsu na cututtukan ƙwaƙwalwa a 1980, bayan abin da suka gani a jikin sojojin da suka dawo daga yaƙin Biyetnam.

Tunda ciwon a jiki yake zaune, nasiha kaɗai ba ta cika isa gare shi ba. Ana iya gaya wa mutum sau ɗari cewa ya tsira, hankalinsa ya amince, amma gabansa ya ci gaba da faɗuwa. A nan ne atisayen natsuwa ke da abin bayarwa. Abin da ake nufi da shi ba wani sirri ba ne: mutum ya koyi tattara hankalinsa a kan abu guda, ko numfashinsa, ko wata kalma da yake maimaitawa, ko abin da gaɓoɓinsa ke ji a wannan lokacin, in tunani ya fizge shi, ya lura, ya dawo ba tare da tsangwamar kansa ba. Numfashi yana da wata baiwa da sauran ayyukan cikin jiki ba su da ita. Ba wanda zai iya umartar zuciyarsa ta rage gudu, amma kowa na iya jan numfashi a hankali ya sake shi a hankali, kuma duk lokacin da aka tsawaita fitar da iska, jijiyar da ta taso daga ƙwaƙwalwa ta ratsa wuya zuwa ƙirji da ciki tana sassauta bugun zuciya.

Wanda ya shigar da wannan atisaye asibitin zamani shi ne Jon Kabat-Zinn, a makarantar likitanci ta Jami'ar Massachusetts a 1979. Ya ɗauko dabarun daga mabiya addinin Buddha, ya cire musu aƙida, ya mayar da su darasin mako takwas ga masu ciwon da ya ƙi jin magani. Shekaru da yawa bayan haka aka gwada darasin a kan tsofaffin sojoji 116 masu ciwon firgici a Minneapolis, aka buga sakamakon a 2015. Wata biyu bayan kammalawa, kusan kashi 49 cikin ɗari na waɗanda suka yi atisayen sun sami sauƙi na a zo a gani, idan aka gwada da kashi 28 na waɗanda aka yi wa zaman tattaunawa kawai. Sai dai masu binciken sun faɗi gaskiya cewa sauƙin matsakaici ne, kuma atisayen bai fi zaman tattaunawar ba wajen raba mutum da ciwon gaba ɗaya. Har yau abin da masana suka sa a gaba wajen maganin wannan ciwo shi ne zama da ƙwararre wanda zai bi da majinyaci ta cikin abin da ya faru da shi, daki-daki, har tunawar ta daina razana shi. Atisayen natsuwa mataimaki ne, kuma duk mai tallarsa a matsayin maganin komai yana cutar mutane.

Akwai wani gwaji da ya fi kusa da rayuwar mai karatu. Wata ma'aikaciyar jinya mai bincike a San Diego, Jill Bormann, ta koya wa tsofaffin sojoji su zaɓi wata kalma mai tsarki daga addininsu, kowa da nasa, su riƙa maimaita ta a zuci: a layin jira, a kan hanya, lokacin da fushi ya taso, da daddare in barci ya ƙi zuwa. A gwajin da aka buga a 2018, mai mutum 173, waɗanda suka bi wannan hanya sun fi takwarorinsu samun sauƙin firgici da na rashin barci. Kafin nan, a 2001, wani likitan Italiya, Luciano Bernardi, ya auna numfashin masu jan carbin Katolika da harshen Latin da masu maimaita kalmomin yoga, ya tarar duka biyun suna saukar da numfashi zuwa kusan sau shida a minti guda, adadin da bugun zuciya da hawa da saukar jini ke daidaituwa da shi.

Wanda ya tashi a Kano ko Damagaram ba sai an yi masa dogon bayani ba. Tasbihi bayan kowace salla, azkar na safe da yamma, lazimi da wazifa a wurin 'yan Tijjaniyya, zikirin 'yan Ƙadiriyya, i'itikafi a goman ƙarshe na azumi, tilawa da tartili inda tsawon aya ke tsara numfashin mai karatu. A fiƙihun Malikiyya da ake karantarwa a zaurukan malamai, natsuwar gaɓoɓi a ruku'u da sujada farilla ce, wanda ya yi salla yana gaggawa kamar ana korarsa bai cika ta ba. Musulmi ba ya yin ko ɗaya daga cikin waɗannan don ya daidaita bugun zuciya. Don Allah yake yi, kuma ba daidai ba ne a mayar da ibada motsa jiki. Amma da jiki ake ibadar, kuma jikin yana amfana. Saboda haka mai tsoron cewa za a shigo masa da addinin Buddha ta bayan gida ya kwantar da hankalinsa. Babu abin da yake buƙatar arowa daga aƙidar kowa, kuma ko saɓanin da ke tsakanin ɗariƙa da Izala bai hana komai ba, domin azkar da tilawa da natsuwa cikin salla ba wanda ke jayayya a kansu.

Magabata ma ba su raba jiki da zuciya ba. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya rubuta littafi a kan gyaran jikuna da rayuka, ya ware babi ga tsoro da razana, wani ga baƙin ciki, wani ga waswasi, ya kuma bambanta baƙin cikin da ke da sanadi da wanda ke sauko wa mutum haka kawai, wanda ya ce yana da tushe a jiki. Masanin halayyar ɗan Adam ɗan Sudan, Malik Badri, shi ya fassara sashen rayuka na littafin, ya kuma rubuta nasa a kan tafakkuri. A cikin hadisai an umarci mai fushi da ya zauna in yana tsaye, ya kishingiɗa in bai huce ba. An ruwaito Nana A'isha tana sa a dama wa waɗanda aka yi wa rasuwa talbina, wani kunun sha'ir, don sanyaya zuciya. Duk wannan bi ta jiki ne a kai ga zuciya.

To, in haka ne, me ya sa al'ummar da ba ta rabo da carbi take cike da masu faɗuwar gaba? A nan ne ya kamata malamai da limamai da fastoci su tsaya su saurara, domin wurinsu ake fara zuwa, tun kafin asibiti.

Natsuwa ba ta zo wa wanda aka razana yadda take zo wa mai lafiya. Ka ce wa matar da aka kashe mijinta a gabanta ta rufe ido, ta yi shiru, ta saurari zuciyarta, wataƙila ka mayar da ita wurin da take gudu. Duhun rufe ido shi ne allon da hoton ke fitowa a kai. Wanda aka taɓa shaƙewa, ko aka cusa shi cikin mota ba iska, mayar da hankali kan numfashi na iya tayar masa da razanar da ake son kwantarwa. Masu bincike a Jami'ar Brown, Willoughby Britton da Jared Lindahl, sun tattara bayanan masu dogon zaman natsuwa suka buga a 2017, suka nuna cewa wasu sun gamu da tsoro, da dawowar munanan abubuwan da suka wuce, da jin kamar sun fita daga jikinsu. Malaman tasawwufi sun daɗe da sanin wani abu mai kama da wannan, shi ya sa ba a shiga halwa sai da izini da kulawar shehi. Abin takaici shi ne yadda ake fassara wannan hali a gida. Mai firgici ya kabbara salla, hankali ya ƙi tsayawa, hoton gawa ya tsaya masa a sujada, ya je ya faɗa, a ce masa imaninsa ne ya yi rauni, ko shaiɗan ne, ko iska ce ta shafe shi. Ya zo da ciwo ɗaya, ya koma da biyu, na biyun kuwa shi ne zaton Allah Ya yi fushi da shi. Annabi Yaƙubu ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusufu har idanunsa suka yi fari, ba wanda ya ce imaninsa ya ragu. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, masu tarihi Shekarar Baƙin Ciki suke kiranta.

Gyaran ba mai tsada ba ne, ilimi yake buƙata. A bar ido a buɗe. A fara da minti biyu ko uku, ba sa'a guda ba. In numfashi na tayar da hankali, a koma kan tafin ƙafa da ke taka ƙasa, ko ƙwayar carbi tsakanin yatsu, ko sanyin ruwan alwala, ko a ambaci abubuwa biyar da ido ke gani a ɗakin. A yi ana tafiya in zama ya gagara. A zauna inda mutum ke ganin ƙofa. Mafi girma duka, a ba shi ikon cewa ya isa a kowane lokaci, domin asalin raunin shi ne ranar da aka ƙwace masa iko da jikinsa. Duk maganin da ya zo da tilas, ko da tofi ne, yana maimaita masa wannan rana.

An gwada irin wannan a Afirka, a wurin da ya fi kama da sansanonin Borno. A matsugunin 'yan gudun hijira na Rhino da ke arewacin Yuganda, mata 694 'yan Sudan ta Kudu suka shiga gwajin wani shiri na Hukumar Lafiya ta Duniya, aka buga sakamakon a 2020. Babu likitan ƙwaƙwalwa ko ɗaya a wurin zaman. Darasi biyar ne, kowanne sa'a biyu, an naɗe shi a murya da Larabcin Juba, ana kunna wa mata ashirin zuwa talatin a lokaci guda, ga ɗan littafi mai hotuna saboda waɗanda ba su iya karatu ba, masu jagorancin kuma mutanen gari ne da aka ba gajeren horo. Abin da ake koyarwa ya haɗa da sassauta numfashi, dawo da hankali kan abin da ke gaban mutum, da kallon mugun tunani ba tare da bin sa ba. Matan da suka yi darasin sun fi sauran samun sauƙin damuwa, kuma bayan wata uku bambancin yana nan, ko da yake ya ragu. Ba a sa masu taɓin hankali ko masu shirin kashe kansu a cikin gwajin ba. Waɗannan asibiti ne wurinsu.

Al'ummar Somaliya da ke Seattle kuma sun haɗa kai da masana na Jami'ar Washington suka tsara zama shida da ake yi a masallaci, maza daban mata daban, ƙarƙashin jagorancin mutanen unguwa. Ana karanta ƙissar wani annabi da aka jarraba, a tattauna, sannan kowa ya keɓe ya kai wa Allah kukan abin da ya same shi a cikin addu'a, yana tuna shi maimakon gudunsa. Wato sun ɗauki ginshiƙin maganin da masana suka fi amincewa da shi suka zaunar da shi a kan tabarmar masallaci. An kai shirin har Somaliland. A gida Nijeriya, Ekklesiyar 'Yan'uwa, wadda akasarin 'yan matan Chibok mabiyanta ne, ta shirya tarukan warkar da raunin zuciya ga mabiyanta da suka yi gudun hijira, ta kuma koyi darasi daga mutanen Ruwanda. Gidauniyar Neem ta Dokta Fatima Akilu ta riƙa kai masu ba da shawara unguwanni da sansanoni a Borno maimakon jiran mutane su zo. Ayyuka ne na ƙwarai, amma ba su kai ko kusa da girman buƙatar ba.

Lissafin ma'aikata shi ke tilasta a bi wannan hanya. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Nijeriya ta sha kokawa cewa mambobinta da ke aiki a ƙasar ba su kai 300 ba, ga jama'a sama da miliyan 200. Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Maiduguri, Kaduna da Kware, da na Dawanau, ba za su iya ɗaukar ƙauyukan Arewa ba ko da an ninka gadajensu. Inda hukuma ta bar giɓi kuwa, an ga abin da ke cike shi: a Satumbar 2019 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gidan mari a Rigasa, da yawansu da sarƙa a ƙafa. A Janairun 2023 aka sanya hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958, ta tanadi sashe na musamman a ma'aikatar lafiya da asusun kuɗi. Doka ce mai kyau a takarda. Kuma ba baƙon tunani ba ne a ƙasar nan a haɗa likita da mutanen gari: tun 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya zaunar da majinyata a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro a Abekuta tare da danginsu, ya yi aiki da masu maganin gargajiya, duniya ta zo koyo a wurinsa.

Wani zai ce, kuma da gaskiyarsa, wane numfashi za a koya wa manomin da har yanzu yake biyan 'yan bindiga haraji kafin ya girbe gonarsa? Faɗuwar gaban wannan mutum ba ciwo ba ce, haɗarin yana nan a bakin gari. Koya masa natsuwa ba ya sauke wa gwamnati nauyin tsare shi, kuma zalunci ne a yi amfani da "sai haƙuri" ko "a bar wa Allah" a rufe bakin wanda ke neman tsaro da adalci da diyya. Amma uwar da ta samu barcin sa'a biyar maimakon biyu ta fi iya kula da 'ya'yanta gobe, ta fi kuma iya tsayawa ta nemi haƙƙinta. Jiran sai an gama yaƙi kafin a kula da masu rauni yana nufin a bar yaran da aka haifa a 2009, waɗanda yanzu samari ne da 'yan mata, su shiga aure da haihuwa da wannan kaya a ka.

Abin da ake nema daga gwamnonin Arewa bai kai kuɗin gadar sama guda ba. A naɗi darussan irin na Yuganda da Hausa da Kanuri da Fulfulde, da muryoyin da jama'a suka amince da su, malaman addini su duba su tun daga farko. A horar da ma'aikatan asibitocin sha-ka-tafi, da ungozomomi, da malaman Islamiyya, da shugabannin mata na majami'u, su iya gane ciwon firgici, su iya jagorantar zama, su kuma san wanda ya fi ƙarfinsu su tura shi asibiti ba tare da ɓata lokaci ba. Gidajen rediyo, waɗanda har gobe su ne ke isa inda mota ba ta zuwa, su ware wa darussan lokaci. Sannan duk ɗalibin da aka karɓo daga hannun 'yan bindiga a rubuta sunansa a rajistar asibitin da ya fi kusa da garinsu, a ɗora wa wani ma'aikaci takamaimai alhakin ziyartarsa bayan wata ɗaya, bayan wata uku, da bayan shekara, a kuma sa kuɗin wannan ziyara a cikin kasafin jiha.